Birki Na Biyu

Dogo bakanike ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge ta da tsumma, ya mayar da ita, ya sake zarowa, sannan ya ɗaga ta daidai hancin Malam Taka-Birki. A bushe take ƙayau, ko ɗigo babu a jikinta.

"Malam, da me ka yi ta tafiya? Da addu'a?"

Malam bai yi dariya ba. Yana tsaye a gaban motar, hannuwansa a baya, yana shaƙar ƙaurin ƙonannen ƙarfe da ke tasowa daga cikin bonet. Awa guda ke nan da mai janwe ya sauke ta a garejin nan, bai zauna ba, duk da Dogo ya turo masa benci da ƙafa har sau biyu.

Shekara ashirin da shida yana koya wa mutane tuƙi, sha tara daga ciki a wannan motar. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Taka-Birki, don ita ce kalmar da ta fi zama a bakinsa, har ta kai 'ya'yan cikinsa ma in za su yi gulmarsa da sunan suke yi. Motar a da fara ce, yanzu ta koma launin tsohon haƙori, ga allon 'yan koyo a samanta, ƙofar baya ɗaya ba ta buɗuwa sai daga waje. Amma a gaban kujerar gefe, inda Malam ke zama, akwai abin da ya raba ta da sauran motocin gari, wato birki na biyu. Dogo ne ya haɗa masa shi lokacin da dukansu biyu gashinsu baƙi ne. Wani rodi ne ya taso daga birkin direba, ya ratsa ta ƙasa, ya ɓullo daidai ƙafar Malam. Duk ɗalibin da ya rikice ya taka totur maimakon birki, kafin ya gama salati motar ta tsaya.

Da safiyar nan yana tare da wata ɗalibarsa, malamar makarantar firamare, mace mai tsoro da ba ta taɓa wuce giya ta uku ba. Suna kan faffaɗan titin bayan ɗakunan ajiye kaya sai injin ya fara ƙwanƙwasa, ƙwas-ƙwas-ƙwas. Kafin ya ce mata ta sauka gefe aka ji wata ƙara mai nauyi, motar ta yi jijjiga ta mutu a tsakiyar titi. Ya tare wa malamar tasi, ya kira mai janwe.

"Kwanon mai ne ya tsage ta ƙasa," in ji Dogo yana goge hannu. "Wani daga cikin gwanayenka ya hau tudun rage gudu da shi. Ya yi kwana uku ko huɗu yana tsiyaya a hankali. Ba ka ga tabo a inda kake ajiye ta ba?"

"Turɓaya ce a wurin, shanyewa take yi."

"To jar fitilar fa? Bara ni na canza mata ƙwai. Dole ta yi ta ƙifta maka ido tun kafin man ya ƙare."

"Ba ta kawo ba."

Dogo ya dube shi, ya zagaya ya zura hannu ta taga ya murɗa makulli rabi. Fitilun gaban direba suka kawo gaba ɗaya, jar fitilar mai tana tsakiyarsu lafiyarta ƙalau. Ya kashe, ya zare makullin.

Sai da ya kunna sigarin da likita ya hana shi sannan ya faɗi hukunci. Injin dai ya buga, bugun da ba a tashi. Fistin ɗaya ya huda gefe, sauran kayan ciki sun karce juna. Hanya biyu ce. Ko a nemo tsohon inji daga wajen masu yanka motoci a ɗora mata, kwana uku ta tashi, ko a bar ta ta huta.

"In shawarata kake so, ka bar ta ka nemi wata. Ƙasanta duk tsatsa ta cinye, in ka taka da ƙarfi wata rana ƙafarka za ta taɓa kwalta. Sa mata inji tamkar ɗinka wa kyandir riga ne. Amma kai ne mai mota."

"A nemo injin."

"Ko tunani ba za ka yi ba?"

"Na yi."

Ya yi kuwa, tun yana zaune a gaban motar mai janwe. Wata bakwai da suka wuce ya je asibitin ido shi kaɗai, ba wanda ya sani, don ya lura yana yawan buge kafaɗa a bakin ƙofa. Aka sa masa haɓa a kan wata na'ura, aka ce ya kalli tsakiya, ya danna maɓalli duk lokacin da ya ga ɗan haske a gefe. Ya zauna yana jiran hasken, shiru, har ya zaci na'urar ce ta lalace. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin jijiyar a ɓoye. Abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage wa sauran saurin tafiya. Tsakiyar ganinsa garau take, yana karanta lambar mota daga nesa. Gefe da gefe ne suka rufe, kamar mai leƙen duniya ta cikin bututu. Da ta tambaye shi sana'arsa sai ya ji bakinsa ya ce shago yake da shi a kasuwa.

Shi ya sa maganar sabuwar mota ta tsaya masa a wuya. Duk motar da za a yi koyarwa da ita sai an kai ta ofishin lasisi an yi mata rajista, a ranar kuma ake gwada idon mai koyarwar da irin waccan na'urar. Takardun tsohuwar motar da nasa da sauran shekara biyu a kansu. In aka ɗora mata inji ba wanda zai tambaye shi komai. In ya canza mota, ranar da ya shiga ofishin nan ranar sana'arsa ta ƙare, kuma shi bai iya komai a duniya ba ban da zama a kujerar gefe da ƙafa a kan birki.

Wajen ƙarfe ɗaya Auta ta iso, da katin aikinta rataye a wuya, tana ɗage zane saboda baƙin man da ya malale a ƙasa. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai kuma ta rage a garin, don yayyenta aiki ya watsa su. Da ta ji labari, lokacin cin abincinta ta yanko ta zo. Ta gaida Dogo, ta leƙa cikin bonet duk da ba abin da ta sani a ciki, ta dawo fuskarta ɗauke da fara'ar da take ƙoƙarin ɓoyewa.

"Baba, Allah ya tsare da ba abin da ya same ka. Amma ni dai wallahi ban yi baƙin ciki ba. Shekara nawa muna roƙonka ka rabu da wannan akwala?"

"Akwalar ce ta kai ki makaranta."

"Ta kai ni, na gode mata, ai har turin ta na sha yi da kayan makaranta a jikina. Ka ji, akwai wata a ofishinmu da za ta bar gari ƙarshen wata, tana neman mai karɓar motarta. Ƙarama ce, mai giyar hannu, irin wadda kake so. Na yi waya da su Yaya tun ɗazu, duk sun amince, mu za mu ɗauki nauyi. Kai dai naka ka kai ta ofis a yi mata rajista, Kawu Dogo ya sa maka birkinka a ciki."

"Rabin yini ne aikin," in ji Dogo daga inda yake tsugune, bai ɗago ba.

"Ba na so," in ji Malam.

"Ba ka ma gan ta ba, Baba."

"Ko na gan ta."

"To me ya sa? Ka gaya mini dalili ɗaya in kai wa su Yaya. In ka sa mata inji yau, gobe giya ce, jibi ƙafa. Kullum kana hanya gabana faɗuwa yake yi."

Malam ya juya gaba ɗayansa ya fuskance ta, don ya saba yanzu ba ya kallon mutum da gefen ido. Ya ga fuskar mahaifiyarta sak, har yadda take tattare gira in ta ƙudura abu. Gaskiyar ta zo masa har bakin harshe. Sai ya haɗiye ta, ya ɗauko abin da ya san ba za ta iya ja da shi ba.

"A kujerar bayan nan Innarki ta kwanta ranar da na kai ta asibiti, tafiyar da ba ta dawo ba. Kina so in sa ido masu yanka motoci su sa mata wuta su yayyanka?"

Idon Auta ya ciko, ta juya kai wajen bango tana gyara igiyar katinta. Shekara huɗu da rasuwar, har yanzu ba a ambatar Inna a gabanta ta tsaya daidai, kuma ya sani sarai. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Matar da ko ƙaryar wasa ba ta yarda a yi a gabanta ba, yau ya tono ta ya yi garkuwa da ita.

"Ka yi haƙuri, Baba, ban yi wannan tunanin ba," ta ce a hankali. "A sa injin. Amma ba zan ba matar amsa ba sai an tashi daga aiki, ko za ka sake shawara."

Ta tafi tana share ido da bayan hannu. Ya bi ta da kallo har ta fita daga ɗan da'irar da yake gani.

Dogo ya yi wa mai tsofaffin injuna waya, aka ce akwai guda irin nata, za a turo a gani kafin yamma. Tun da motar za ta kwana uku a gareji, sai ya kawo wani kwali ya fara kwashe wa Malam kayansa, kamar yadda yake yi wa kowa don kada a ce wani abu ya ɓata a hannunsa. Ya fito da robobin da ake jerawa a koyi ajiye mota, da littafin alamun hanya da ya sha hannu, da wasu takalman mata marasa tsini, da tocila. Daga aljihun gaba ya zaro takardu da wata 'yar kwalba. Ya daɗe a sunkuye a wurin.

Malam ya zauna a bencin a ƙarshe, yana kallon wani tsohon inji da aka rataye da sarƙa. Ya ji Dogo ya zo ya zauna kusa da shi, yana ta surutu a kan tsadar kayan gyara da lalacin masu walda na yanzu. Can sai surutun ya yanke.

"Malam."

"Ina jin ka."

"Tun da na zauna nake miƙo maka makullinka. Ga shi nan kusa da kumatunka, har hannuna ya gaji."

Malam ya juyo da kai. Makullin na lilo a yatsan Dogo, tazararsa da fuskarsa ba ta kai kamu ɗaya ba. A ɗaya hannun kuma ga 'yar kwalbar maganin ɗigawa.

"Irin wannan tsohuwata ta yi shekara shida tana ɗigawa," in ji Dogo. "Ni nake sayo mata, na san murfinsa. Tun yaushe?"

"Wata bakwai da aka gaya mini."

"Auta ta sani?"

"Ba wanda ya sani, kuma ba na so a sani."

Dogo ya ajiye makullin a kan benci tsakaninsu. "Wato fitilar ta kawo."

"Wataƙila. A da daga inda nake zaune ina ganin allon direba da wutsiyar ido, ko allura ce ta motsa. Yanzu sai na juya, in na juya kuma na bar hanya." Ya gyara zama, muryarsa ta ɗan tashi. "Amma kada ka ɗauke ni makaho. Gabana garau nake gani, na fi ka. Ina juya kai kamar mai gadi, kunnena kuma ko keke ne ya taho ina ji. Na daina kai su tsakiyar gari, sai titunan da ba mutane. Wata bakwai ɗin nan ko kaza ban taka ba."

"Ban ce ka taka ba."

"To me kake so in yi? In zauna a gida in jira Auta ta kawo mini abinci a kwano? Ni da ake nunawa a titi a ce wancan ne ya koya mini mota?"

Dogo ya murje guntun sigarinsa a ƙasa. Shekara talatin suna tare, bai taɓa jin muryar Malam tana rawa ba sai yau, kuma abin ya taɓa shi. "Ni inji nake gyarawa, Malam, ido ba aikina ba ne. In ka ce a ɗora, zan ɗora, kuma bakina ba zai kai wa Auta magana ba. Amma raina ba ya so, gara in gaya maka."

"A ɗora."

"Shi ke nan."

Bayan an tashi daga makaranta malamar ta zo. Ta tsaya a bakin gareji da jakarta a ƙirji tana sallama ƙasa-ƙasa, sai da Dogo ya ce ta shigo. Takalmanta na tuƙi ta zo ɗauka, waɗanda take bari a motar don na aikinta masu tsini ne. Malam ya miƙa mata su daga kwali, ta karɓa da hannu biyu, amma ba ta tafi ba. Ta tsaya tana jujjuya su.

"Malam, akwai maganar da ta hana ni sakewa tun safe, ko darasi ban koyar da kyau ba. Ina jin laifina ne motar ta lalace."

"Ba ke kika hau tudu da ita ba, na san wanda ya hau."

"Ba wannan ba. Wata jar fitila ce, mai kamar 'yar buta. Tun ranar Talata nake ganin tana kawowa tana ɗaukewa, musamman in na sha kwana. Yau da safe kuma ta zauna daram."

Dogo, da ke kwance wani ƙusa a gefe, ya dakata.

"Me ya hana ki faɗa?" in ji Malam.

Ta sunkuyar da kai. "Ai kai ka hana. Ranar farko da na duba wurin ka daka mini tsawa, ka ce ɗan koyo ba ruwansa da allo, idona a kan hanya, allo aikinka ne. Ka ce in ka sake kama ni ina kallon ƙasa za ka sa takarda ka rufe shi. Da na gan ta sai na ce ai Malam ya gani, tun da bai yi magana ba, ba komai ba ce."

Haka ne kuwa. Ba ita kaɗai ba, duk wanda ya taɓa zama a kujerar nan ya sha wannan tsawar, kuma Malam yana alfahari da ita, don ita ce ke fitar da direbobin da ba sa sunkuyawa a kan titi. Mutum biyar ne suka tuƙa motar daga Talata zuwa yau. Ke nan dukansu sun ga fitilar, dukansu kuma sun yi masa biyayya.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Je ki, kada ki damu."

Fuskarta ta washe, ta sauke ajiyar zuciya, sai kuma bakinta ya buɗe irin na mai tsoron da aka yi wa afuwa. "Na gode, Malam. Wallahi ni ban san lokacin da kake gwada ni da lokacin da kake da gaske ba. Kamar shekaranjiya da ka yi mini faɗa a kan birki, sai da na je gida na gane gwaji ne."

Ya tuna. A kan titin bayan ɗakunan ajiyar ne, tana tafiya salin-alin a giya ta biyu sai ta danna birki har goshinsa ya kusa bugun gilashi, motar ta mutu. Ya wanke malamar tas da faɗa, ya ce wanda ke taka birki ba dalili ya fi mai gudu haɗari, da akwai mota a bayansu da yanzu suna asibiti.

"Gwajin me?" ya ce.

"Na yarinyar mana. 'Yar ƙaramar nan mai jan riga da ta ɓullo daga bayan tirelar da ke ajiye, ta ɓangarenka, tana bin ƙwallo. Ai har ta dafa ƙofarka da hannu kafin uwarta ta fizge ta. Da ka hau ni da faɗa sai na rasa gane kaina, ina ta kuka a tasi. Da na ba maigidana labari sai ya ce ke ma dai, mutumin da ƙafarsa ke kan birki? Ya gan ta tun kafin ki gan ta, ya bari ne ya ga ko za ki taka da kanki, faɗan kuma don kada kanki ya kumbura ne." Ta yi 'yar dariya. "Na ce lalle kuwa, Malam ke nan."

Malam ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafarsa ta dama. Ya nemi yarinyar a cikin kansa, ya juya ranar gaba da baya. Ya ga titin, ya ga bayan tirelar daga nesa, ya ga hannun malamar a kan sitiyari lokacin da ya juya yana mata faɗa. Babu jar riga, babu ƙwallo, babu uwa. Ƙafarsa tana kan birkin a lokacin, a sake, ko motsi ba ta yi ba. Matar da ta fi kowa tsoro a duk ɗaliban da ya taɓa koyarwa ita ce ta tsayar da motar, shi kuma ya saka mata da zagi.

"Shekararta nawa?" ya tambaya.

"Ba ta wuce huɗu ba. Ai ka gan ta."

Dogo ya ajiye sufanar hannunsa a hankali don kada ta yi ƙara.

"To yaushe za mu ci gaba, Malam?" ta ce tana sa takalman a jaka. "Ni fa in ba kai ba, ba zan iya zama a bayan sitiyari da kowa ba. Sanin ƙafarka tana wurin ne kawai ke sa numfashina ya daidaita. Babbar 'yata ma ta isa koyo, na ce mata in na gama kai zan kawo wa ita."

"Zan kira ki," ya ce. "Kuma birkin nan na shekaranjiya, daidai kika taka. Faɗan da na yi miki ban kyauta ba."

Ta tafi tana murmushi, tana cewa ba komai wallahi.

Garejin ya yi tsit, sai ƙarar guduma daga wajen mai gyaran jikin mota na can gaba. Malam ya daɗe a zaune hannuwansa a kan gwiwa. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a ranar da likita ta yi masa bayani. A wata bakwai ɗin nan da yake taƙama bai taka ko kaza ba, sau nawa wani ne ya taka birkin, ko wata uwa ta fizge hannu, shi yana zaune yana gyara wa mutane riƙon sitiyari? Ba shi da hanyar sani.

"Ba ni sufana mai lamba sha uku," ya ce.

Dogo ya miƙo masa, wannan karon ta gaba. Malam ya buɗe ƙofar gefe, ya durƙusa a kan baƙin man da ke ƙasa da wandonsa mai guga, ya cusa kai ƙarƙashin allo. Ƙusoshi huɗu ne ke riƙe da birkinsa, ya san su da yatsa ba sai ya duba ba. Uku suka kwance, na huɗun tsatsa ta riƙe shi, sai da ya dage har fatar bayan hannunsa ta sale. Ya zaro rodin gaba ɗaya, robar matakinsa ta cinye daidai faɗin tafin ƙafarsa. Ya miƙe da ƙyar yana dafa ƙofa, ya ɗora shi a kan kwalin kayansa.

A lokacin ne wata a-kori-kura ta tsaya a bakin gareji, direbanta ya leƙo yana tambayar inda za a sauke inji.

Dogo ya dubi Malam. "Me zan ce masa?"

"Ka ba shi haƙuri, ya mayar. In masu yanka motocin suna son motar su zo gobe su ja ta. Ka dai cire allon saman kafin su zo, kada a gan shi a wurin yanka."

Dogo ya fita yana goge hannu. Malam ya ciro wayarsa, ya kai ta daidai fuska, ya nemo lambar Auta. Bugu biyu ta ɗauka, da hayaniyar ofis a bayanta.

"Baba, ka sake shawara? Ga matar nan ma ba ta tafi ba."

"Ki ce mata ta sayar wa wani. Injin ma na ce a mayar."

"Ban gane ba. To da me za ka yi aiki?"

"Akwai maganar da zan gaya miki, kuma ɗazu na yi miki ƙarya da sunan Innarki, ki yafe mini. In kin tashi ki biyo ta gareji ki tafi da ni."

"Baba, kana ba ni tsoro. Lafiya kake? Ko ka hau bas mu haɗu a gida, ai ba nisa."

"Ki zo dai, ba na son tsallaka titin nan ni kaɗai." Ya goge jinin bayan hannunsa a jikin wando. "In kin shigo ki zo ta gabana sosai, Auta. In kika tsaya a gefe ba zan gan ki ba."